Amsoshin Wasiƙunku: Shanya a Kan Kwalta

    

Jakar wasiƙunmu ta wannan mako ta cika maƙil, ga kuma saƙonnin waya. To da na zauna ina tantancewa, sai na ci karo da guda biyu kamar an haɗa baki aka rubuto su, alhali kuwa masu su ba su san juna ba, kuma kowanne ƙarar ɗan'uwansa ya kawo. Duk su biyun sun ce a sakaya sunansu, mun kuwa sakaya.

Ta farko daga wani direban motar haya take, mai lodi daga Kwanar Ɗangora zuwa Doguwa. Ya ce ranar nan da almuru, ya baro Tudun Wada ke nan da fasinja cike da mota, sai ya tarar an shanya masara ta cinye rabin hanya, an kuma jera duwatsu an kewaye ta. Ga babbar mota ta taho daga wajen Jos da fitila a fuskarsa. Ya ce Allah ne kaɗai ya tsare, amma taya ɗaya ta fashe, wata tsohuwa kuma ta bugi goshi da kujera. Tambayarsa ita ce, shin gwamnati ta yi kwalta don mota ne ko don shanya?

Ta biyu kuwa daga wani dattijo ce, manomin shinkafa a ƙasar Tudun Wada, jikansa ne ya rubuta masa. Ya ce ya shanya shanshera a gefen hanya, bai ma shiga tsakiya ba, sai wani yaro direba ya bar hannunsa da gangan ya bi ta kanta yana dariya, ya watsar da ita cikin kwata. Ya ce wahalar wata huɗu ce wannan, da bashin taki a kansa. Shi kuma tambayarsa, shin talaka ba shi da haƙƙi a hanyar da aka yi da kuɗin kowa?

To, Malam direba, da kai Baba, mun gode da wasiƙunku. Zan daɗe kaɗan a kan wannan magana, don kowace kaka sai ta dawo, kuma wasu shekarun da gawa take dawowa.

Bari in fara da tona asirin kaina. Ni ma na yi gadin shanya a kan kwalta. Ina ɗan aji huɗu a firamare, da an tashi daga makaranta sai a ba ni tsumagiya a ce je ka kori awaki. Ni nake jera duwatsun nan da Malam direba yake kuka da su, kuma in yamma ta yi muka kwashe masara, wallahi ban taɓa tunawa in kwashe duwatsun ba. Saboda haka ba daga kan kujerar ofis nake wannan magana ba. Na san abin da ke sa mutum ya hau kwalta da hatsinsa.

Manomi ba don neman rigima yake shanya a hanya ba. Masara in an karye ta, ruwan da ke cikin ƙwayarta yakan kai kashi 20 cikin 100, wani lokaci ya fi haka, kuma ba ta ajiyuwa sai ya sauko zuwa wajen kashi 13. Shanshera kuwa wajen kashi 14 ake nema. Mu nan kudancin Kano, musamman ƙasar Doguwa har zuwa Riruwai, damina ta fi ta arewacin jihar tsawo, sau da yawa ana karyar masara hadari yana haɗowa. In ka zuba ta a buhu da danshi, sai ta yi fumfuna. Wannan fumfunar kuwa ba muni kaɗai take jawowa ba, wani irinta yana haifar da gubar da masana ke kira afalatoksin, mai lalata hanta, wadda dafuwa ba ta kashe ta. A shekarar 2004 mutum 125 suka rasu a ƙasar Kenya saboda cin masarar da ta kamu da ita. Don haka duk wanda ya ce wa manomi kada ya yi shanya, bai san hatsi ba. Ga shi kuma gari ya cika, filayen da iyayenmu ke daɓewa su yi masussuka an yanka su fuloti. Kwalta ga ta a shimfiɗe, ga zafi, babu ƙasa, babu kuɗin haya. Wa zai ƙi?

Wannan ke nan, Malam direba, don ka san wanda ka kusa takewa ba mahaukaci ba ne.

Amma Baba, ka yi mini haƙuri, ɗanka ne ni, zan faɗa maka gaskiya ko da ɗaci. Yaron da ya bi ta kan shinkafarka da gangan ya yi rashin tarbiyya, kuma in ka riƙe lambar motarsa, ka kai ƙararsa wurin shugabannin tasharsu, sun san yadda suke ladabtar da nasu. Wannan daban. Sai dai maganar cewa hanya ta kowa ce, ai ita ce hujjar da ta fi ƙarfi a kanka. Abin da yake na kowa, ba ya zama na mutum ɗaya daga hantsi zuwa la'asar. Rijiyar unguwa ma ta kowa ce, amma ba ka kafa bukka a bakinta ka ce sai ka gama.

Ku zo mu yi lissafi irin na 'yan makaranta, tunda tsohon malami ne ke magana. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa ɗaya, tana cin mita 28 a cikin daƙiƙa guda. Wato kafin direba ya ga dutse, ya gane dutse ne, ya ɗaga ƙafa daga totur ya ɗora a kan birki, ya riga ya shafe wannan tazarar ko fiye, birkin bai ma fara aiki ba. Wannan ƙaramar mota ke nan mai lafiyayyen birki. To ina ga tirela da ta ɗauko kaya daga Jos, ta ratso Saminaka, ta keto dajin Falgore, direbanta yana ta sauri don kada dare ya yi masa a daji? Wannan hanya tamu ba tagwaye ba ce kamar ta Kano zuwa Zariya. Hannu ɗaya na masu tafiya, ɗaya na masu dawowa. In shanya ta cinye hannu ɗaya, to ka tura motoci biyu su yi gaba da gaba a ɗayan. Mai babur kuwa, ƙwayar masara a ƙarƙashin tayarsa daidai take da tsakuwa a kan siminti, santsi kawai. Kuma wa ke zaune a bakin wannan shanya? Ba mai hatsin ba ne. Yaro ne ɗan shekara bakwai ko takwas da tsumagiya, wanda in akuya ta zo zai bi ta da gudu ba tare da ya dubi hagu ko dama ba. Ni na yi, na sani.

Abin da ya fi damuna ma shi ne duwatsun. Shanya ana kwashe ta da yamma, dutse kuwa kwana yake yi. Mai babur da ya taso daga kasuwa bayan isha da fitila mai rauni, shi ke biyan bashin. A nan kuma, Malam direba, kada ka yi saurin gyaɗa kai, don ku ma kuna yi. Mota ta lalace muku, ku sare rassan itace ku jera, ku sa dutse ku tare taya, an gyara ku tashi ku bar su nan. Dutsen manomi da dutsen direba duk ɗaya suke a wurin wanda ya yi karo da su. Malamanmu kullum suna faɗa mana a wurin karatu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. To wanda ya ajiye shi fa, me za a rubuta masa?

Sannan akwai asarar da manomi ke yi wa kansa bai sani ba. Ku tambayi mata masu gumi da masu injin casa a Tudun Wada, garin da shinkafarsa ta yi suna har cikin birni. Shanshera in ta sha zafin kwalta da tsakar rana, ta bushe da gaggawa, ƙwayar tsagewa take yi daga ciki. Ido ba ya gani, sai an kai inji ka ga rabi ta fito gutsattsari. Wadda taya ta bi ta kai kuwa ba a magana. Ga tsakuwa, ga baƙin mai da ke ɗiga daga motoci, ga kashin dabbobi. Lokacin da gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, har zuwa Disamba na 2020, mutanen birni da yawa sun koma cin shinkafar gida, kuma kukan da aka fi ji daga bakinsu shi ne tsakuwa. Wani kason wannan tsakuwa daga wurin shanya take shiga. Dillalin da zai kai masara Dawanau kuwa, hannu yake zurawa cikin buhu ya shinshina. In ya ji warin mai ko ya ga ƙasa, ba zai yi maka gardama ba, farashi kawai zai karya. Kai kana ganin ka tsira da kuɗin tamfol, alhali ka biya shi ninki a wurin awo.

To mene ne abin yi? Ba zan ce muku ku jira gwamnati ba, ko da yake ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa da su sani dandamalin siminti na shanya a bakin gari ya fi wasu ayyukan da ake yanka kintinkiri a kansu amfani. Kafin wannan ya samu, tamfol shi ne magani. In ya yi wa mutum ɗaya tsada, mutum huɗu su yi karo-karo, a yi ta karɓa-karɓa. Leda mai kauri ma tana yi, buhunan taki da aka wanke sosai aka farke aka ɗinke su ma suna yi, na ga mata suna haɗa su da kyau. Mai unguwa ya zauna da dattawa a ware wuri: filin idi yana nan a banza kusan duk shekara, filin ƙwallo ma samari za su iya haƙura da shi na 'yan makonni in an yi musu magana ta mutunci. Mutanen Doguwa masu falalen dutse a bayan gari, ku Allah ya hutar da ku, share shi kawai za ku yi. A baza hatsi da kauri kaɗan, a riƙa juyawa, shanshera kuma a tattara ta ko a rufe ta in rana ta take.

Ga kuma wata dabara ga wanda ke shakkar ko hatsinsa ya bushe, ban da cizawa da muka saba. Ka sami kwalba busasshiya, ka zuba gishiri busasshe kamar cokali biyu, ka ƙara hatsin kamar tafin hannu, ka toshe ka girgiza, ka bar ta ta ɗan jima ka sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi, a mayar rana. In bai manne ba, ɗinke buhunka. Da yawa muna ƙara kwana biyu a kan hanya da hatsin da ya riga ya bushe.

Wanda kuma ya ga lalle ba shi da wani wuri sai gefen hanya, to aƙalla ya sauka daga kan kwalta, ya guji kwana da gangare da bakin gada, kada ya sa dutse, kada ya bar ƙaramin yaro shi kaɗai. Masu zuba dawa ko wake a tsakiyar hanya don mota ta sussuke musu kuwa, ku ban da wani uzuri da zan nema muku. Ku bari.

Malam direba, kai ma ga naka. Ka san watan da ake ciki, ka san garuruwan da ake shanya, ka fi ni sanin kowace kwana. In ka doso gari ka sassauta. Fasinjan da ke ce maka taka mana, ba shi zai tsaya gaban hukuma ba. Muna yi wa tsohuwar da ta bugu sannu, Allah ya ba ta lafiya.

To madalla. Sai wasiƙa ta gaba, daga wata baiwar Allah a ƙasar Kiru. Ta ce famfon burtsatsen unguwarsu guda ɗaya ne, tun asuba 'ya'yanta mata suke kafa bokiti a layi, sai 'yan garuwa su zo da kura cike da jarkoki su ture su, yaran su makara makaranta a yi musu bulala. Ta ce kuma wasu suna wanki da wanke-wanke a gindin famfon, har wurin ya zama taɓo.

Yaya, na ji kukanki, kuma a matsayina na wanda ya taɓa riƙe rajistar aji, na san yarinyar da ke makara kullum ita ce ke fara barin makaranta. Ɗan garuwa neman abincinsa yake yi, ba mu hana shi ba, amma mai jarka goma sha biyu da mai bokiti ɗaya ba layinsu ɗaya ba. Abin da na ga yana aiki a wasu unguwanni shi ne a raba lokaci: daga asuba zuwa ƙarfe bakwai da rabi na 'yan makaranta da matan gida, daga nan 'yan garuwa su shiga. Ko kuma a ce jarka biyu, bokiti ɗaya, a haka har a gama. Amma wannan ba aikinki ba ne ke kaɗai, kada ki je ki tsaya cacar baki da ƙarti. Ku haɗu ku huɗu ko biyar, ku sa mazajenku su kai wa mai unguwa, a sa dattijo ɗaya mai kwarjini ya riƙa zama a wurin na 'yan kwanaki har abin ya zauna. Tunda kuma 'yan garuwa sun fi kowa morar famfon, in ya lalace su ya kamata su fi kowa zuba kuɗin gyara.

Maganar taɓo kuwa kada a ɗauke ta ƙaramar ƙazanta. Ruwan wanki da ya kwanta a gindin famfo, in simintin ya tsage, komawa yake yi ƙasa inda muke ɗebowa. Ga yara suna tsuguno a kusa, ga dabbobi. Ba mu manta da shekarar 2021 ba, lokacin da amai da gudawa ya kama fiye da mutum dubu 100 a Nijeriya, fiye da dubu 3 suka riga mu gidan gaskiya, kuma Kano tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. A ɗebi ruwa a je nesa a yi wanki. A haƙa 'yar kwata ta janye ruwan da ke zuba, a ƙarshenta a yi rami a cika shi da tsakuwa. Aikin yini ɗaya ne ga samari biyar.

Saura guda ɗaya, ita kuma ta ba ni dariya kafin ta ba ni tausayi. Wani mai sayar da kifi ne daga Tiga, a ƙasar Bebeji. Ya ce duk ranar da ya shiga mota da kwandonsa sai fasinja su yi ta toshe hanci suna tsaki, alhali wanda ya fi kowa tsakin shi ne ke shan rake yana tofar da tuƙa a ƙafar mutane, na kusa da shi kuma ya buɗe waya yana kallon wasan kwaikwayo da ƙara tun daga tasha har aka sauka.

Ɗan'uwa, tun da aka gama madatsar ruwan Tiga a 1974 ake ɗauko kifi daga can zuwa kasuwanni, kuma masu toshe hancin nan su ne ke tambayar kifin Tiga in sun je saye. Sana'arka ba abin kunya ba ce. Sai dai ka taimaki kanka: ka shimfiɗa leda a ƙarƙashin kwando don kada ruwansa ya bi kayan mutane, ka sa a but ko a ɗaure a sama, kada ka rungume shi a cinya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya tashi, direbobi suka ƙara cusa mutane, huɗu a baya biyu a gaba ya zama kamar doka. Mutumin da aka matse, ya kuma biya da tsada, abu kaɗan ke tunzura shi. Mai rake ya tanadi leda ya tara tuƙarsa, ko ya haƙura har a sauka, rake ba ya gudu. Mai tofar da yawu ta taga ya tuna akwai na baya, iska kuma ba ta da ladabi. Mai waya kuwa, abin sawa a kunne bai kai kuɗin katin da kake ƙonawa ba. Haka masu amsa kira su yi ta ihu suna faɗin nawa suka sayar da shanu da inda za su sauka. Wannan ya wuce damun mutane, kai kanka kake tallatawa, don ba ka san wa ke zaune a bayanka ba.

A nan ma sai in sunkuyar da kai, don matata ta sha gaya mini cewa in ina waya har maƙwabta sun san da wa nake magana. Na ce mata aikin rediyo ne ya ɓata ni. Ta ce a rediyo ai akwai wurin rage murya.

Akwai wasu wasiƙu uku da suka zo a kan masu kasa kaya har kan titi a Kwanar Ɗangora ranar kasuwa, da masu tare hanya da rumfa saboda biki, ɗaya kuma a kan lasifikar masu tallan magani. Na ga mai kula da na'ura yana nuna mini agogo, saboda haka su za mu fara da su mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wanda ya rubuto a kan rumfar biki, ka sake aiko mana da bayani, shin hanyar unguwa aka tare ko babbar hanya, don amsar ba ɗaya ba ce. Baba na Tudun Wada, ka sa jikan nan naka ya sanar da mu yadda kuka ƙare da mutanen tasha.